Tambaya da Amsa: Hoto ɗaya na tura, farashi uku aka ba ni

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Saura wata huɗu bikina, kuma muna sa ran baƙi kamar 150. Na ga hoton wani kek mai hawa uku, fari fat, furanni na gangarowa ta gefe ɗaya tun daga sama har ƙasa. Na tura wa masu yin kek uku na ce su faɗa mini nawa ne. Ta farko nan take ta yanka mini kuɗi. Na biyu ya faɗi ninkin nata. Ta ukun ba ta faɗi komai ba, sai tambayoyi ta jero mini, har na ji kamar ja mini rai take yi. Wanda zan aura ya ce mu ɗauki mai arahar kawai, ai kek kek ne. Ni kuwa gabana faɗuwa yake yi. Yaya zan gane mai son ya cuce ni? Daga wata amarya.

AMSA: 'Yata, Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Mai yiwuwa ne a cikin ukun nan babu mai son cutarki. Hoto kika tura, shi kuwa hoto ba ya faɗin girma, ba ya faɗin abin da ke ciki, ba ya faɗin ko furannin na sukari ne ko na lambu ko na roba. Kowannensu ya cike gurbin da tunaninsa, ya yi miki kuɗin kek ɗin da ya ƙera a ransa. Don haka kuɗin kek uku daban-daban ne a hannunki, ba kuɗin kek ɗaya ba. Ta ukun nan da ta ba ki haushi, ita ce ma ta fi kwanta mini, domin na yi aiki a ɗakin gasa kek, na san duk wanda ya faɗi kuɗin kek ɗin aure ba tare da ya tambayi yawan baƙi ba, ko dai sabon hannu ne, ko kuma yana da niyyar ƙaro kuɗi daga baya.

Ki fara da girma, don shi ne gindin lissafi. Masu wannan sana'a da yanka suke auna kek, ba da hawa ba. Yankan kek ɗin aure ƙarami ne: faɗin inci 1, tsawon inci 2, tsayi wajen inci 4. A jadawalin kamfanin Wilton na Amurka, wanda masu kek da yawa suke dogara da shi, kek mai da'ira na inci 6 yana ba da yanka 12, na inci 8 yanka 24, na inci 10 yanka 38, na inci 12 kuwa yanka 56. To duba: hawa uku na inci 6 da 8 da 10 yanka 74 ne. Hawa uku na inci 8 da 10 da 12 yanka 118 ne. Dukansu hawa uku ne, a hoto ma ba za ki bambance su ba, amma ɗaya ya fi ɗaya da yanka 44. Ba zan yi mamaki ba in ta farko ƙaramin ta lissafa miki, na biyu kuma babban. Ga baƙi 150, ni dai yanka 118 bai yi mini kaɗan ba, tun da ba kowa ke cin kek a wurin biki ba, wasu ma kafin a yanka sun tafi.

Sai abin da za a lulluɓe shi da shi. Wannan santsin da kika gani a hoto, wanda babu ko layin wuƙa a jikinsa, galibi fondan ne, wato ƙullin sukari da ake murzawa ya yi faɗi a shimfiɗa a kan kek. Kafin a shimfiɗa shi sai an shafe kek ɗin da kirim an daidaita shi tas, domin duk wani ƙulli ko rami da ke ƙasa fondan zai tona shi. Aiki biyu ke nan, shi ya sa ya fi tsada a kan kirim ɗin bata, wato wanda ake haɗawa da man shanun turawa. Kirim ɗin bata ya fi daɗi a bakin yawancin mutane, amma bata yana narkewa tsakanin digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos, kuma tun kafin nan ya fara saki. In a fili za a yi taron, ko a zauren da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki, ki faɗa tun yanzu.

Amma inda kuɗin yake da gaske shi ne furannin nan. Fulawa da ƙwai da sukari ba su ne ke sa kek ɗin aure tsada ba, lokacin mai yin sa kike saya. Furen sukari ganye-ganye ake yin sa. A yanko kowane ganye, a murza bakinsa da ɗan ƙarfe mai kan ƙwallo har ya yi shara-shara yana lanƙwasa, a ɗora shi a cokali ya bushe da siffarsa, sannan a harhaɗa a jikin waya, a bi shi da burushi ana shafa garin launi daga tsakiya zuwa baki. Babban fure ɗaya yana iya cin sa'a guda ko fiye, ban da kwanan bushewa, kuma sai an yi rara saboda wasu za su karye. Yanzu ki koma ki ƙirga furannin da ke hotonki. Wanda ya ninka miki kuɗi wataƙila su ya ƙirga. Mai arahar kuma wataƙila na roba za ta sayo ta soka. Furen roba ba laifi ba ne in kin sani kin yarda. Laifin shi ne ki gan shi ranar biki ba ki zata ba. In furen lambu kike so, ki tambaya yadda za a naɗe karansa kafin a soka, domin ana fesa wa furannin kanti maganin ƙwari, wasu furannin ma su kansu guba ne.

Ga abin da za ki yi a makon nan. Ki zauna ki rubuta saƙo ɗaya: ranar biki da lokacin da kike son kek ya iso, wurin taron da ko a ɗaki ne ko a fili, yawan yankan da kike so, ɗanɗanon kowane hawa, fondan ko kirim, irin furannin da kusan yawansu, sai hoton. Ki tura wa dukansu ukun wannan saƙon ba ragi ba ƙari, ki ce kowa ya ba ki farashi a rubuce, a rarrabe: kuɗin kek daban, na ado daban, na kaiwa da haɗawa daban. Wannan na ƙarshen shi ne aka fi mantawa. Kek mai hawa uku yana da nauyi, akwai sanduna a cikinsa da ke riƙe hawan sama, kuma sau da yawa a wurin taron ake ɗora wani kan wani. Kada ki yarda a ce wani ɗan'uwa zai ɗauko a bayan mota don a rage kuɗi, domin da zarar ya fita daga ƙofar mai kek, abin da ya same shi naki ne. Ki kuma tambaya ko mazaunin da za a ɗora kek ɗin haya ne, da kuɗin ajiyar da za a riƙe har a mayar da shi.

In amsoshin sun zo, kada ki biya kafin alƙalami sai kin ɗanɗana. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Wasu suna karɓar kuɗin ɗanɗano su cire daga ciniki in kin ba su aikin. Ki nemi hotunan kek ɗin da suka yi da hannunsu, musamman masu hawa, ba waɗanda suka kwaso a intanet ba. Sannan rasit ɗin ya nuna nawa kika bayar, yaushe za a biya ciko, ranar ƙarshe da za ki iya canza yawan yanka, da abin da za a mayar miki in an ɗaga bikin. Wata huɗu ba ƙurarren lokaci ba ne, amma ƙwararru ranakunsu da wuri suke cika, don haka kada ki wuce wannan watan. Shi kuma angon naki, ki tafi da shi ɗanɗano. Ina ganin daga nan zai daina cewa kek kek ne.

TAMBAYA: Anti, ni wan amarya ne, kuma kek ɗin a wuyana yake. In na faɗa wa mai kek iya abin da ke aljihuna, ba zai kai farashin daidai wurin ba ko da aikin bai kai ba? Na kuma ji ana sa hawan bogi don a rage kuɗi. Gaskiya ne?

AMSA: Ɗana, ka faɗa masa. Tun da farashin a rarrabe za ka karɓa daga wurin mutum uku, wanda ya hura nasa zai fito fili. In ka ɓoye, zai zana maka abin da ba za ka iya biya ba, ku duka ku ɓata lokaci. In ka faɗa, mai gaskiya zai ce maka a rage furanni zuwa uku manya a sama, ko a bar fondan a koma kirim, ko a yi ɗanɗano ɗaya a duk hawan.

Hawan bogi kuwa akwai shi. Da farar kumfar roba ake yin sa, irin wadda ake tallafe kayan lantarki da ita a kwali, a lulluɓe shi a yi masa ado kamar sauran. Sai dai ragin da ake samu bai kai yadda mutane suke zato ba, saboda adon nan mai cin lokaci sai an yi masa shi cif. Amfaninsa tsayi ne, in baƙi kaɗan ne amma ana son kek ya cika ido. In rage kuɗi kake nema, ka sa a yi ƙaramin kek mai hawa biyu wanda ango da amarya za su yanka a gaban jama'a, sannan a gasa wani shimfiɗaɗɗe a faranti, ɗanɗano iri ɗaya, ba ado, a yanka shi a kicin a raba wa baƙi. Ka nemi kuɗin wannan tsarin a rubuce tare da na farkon, ka ajiye su gefe da gefe.