Idan baƙi suka zo hawan dutse da ɗan yaye

Ka ce mutumin nan na Kano ya sake kiranka, yana so ka hau da su Duwatsun Shere da ke kusa da Jos ranar Asabar, shi da maiɗakinsa da yara uku, autan bai fi shekara biyu ba, kana tambaya ko ka karɓa ko ka ba shi haƙuri. Ka karɓa, ɗana. Sai dai tun a waya za ka faɗa masa cewa da wannan yaron ba za a kai ƙololuwa ba. Ku gama maganar kuɗi a kan haka, don kada gobe a tsakiyar dutse ya ce maka ai ya biya, sai an ƙarasa. Alhazan birni sun iya wannan magana.

Zai tambaye ka batun ƙarancin iska, don duk sun ji labarinsa. Ka kwantar masa da hankali. Ƙololuwar Shere mita 1,829 ce, garin Jos kansa yana kan mita 1,200 da wani abu, ciwon da tsawo ke jawowa kuwa galibi sai an haura mita 2,500 yake farawa. Abin da nake ji wa yaron tsoro sanyi ne. Mutanen Kano sun san hunturu, amma ba su san na saman dutse da safe ba, inda iska ba ta da abin da zai tare ta. Kuma ga inda ake ruɗewa: uwa tana hawa tana gumi, har ta kwance mayafi, sai ta ɗauka kowa zafi yake ji. Shi kuwa na goye ba motsi yake yi ba, jikinsa ƙarami ne, ɗuminsa yana fita da sauri fiye da na babba. Duk inda kuka tsaya, ka ce wa uwar ta sa hannu ta cikin rigarsa ta taɓa ƙirjinsa da ƙeyarsa, ta duba tafin ƙafa. Hula mai rufe kunne da safa dole ne. Yaron da ke kuka ba ya tayar mini da hankali kamar wanda ya yi tsit, ya yi laƙwas, aka ba shi abinci ya kau da kai. In ka ga haka, ba shawara za ka nema ba, ku juya.

Sai batun ɗauka. Uban zai so ya ɗora shi a wuya, yaron na dariya yana riƙe da kunnuwansa. A kan titi ba laifi, a kan dutse ka hana, ko da zai ji haushi. Santsi ɗaya ya isa, yaron daga sama da tsawon mutum zai faɗo, hannayen uban kuma suna riƙe da ƙafafunsa maimakon su tare ƙasa. Goyon zani da majanyi ya fi wannan nesa ba kusa ba, muddin an ɗaure shi tamau, an kuma sake ɗaurin duk lokacin da ya sassauta. Amma ka sani ɗan shekara biyu yakan kai kilo 12, kuma nauyi ne mai motsi, yana ganin ƙadangare zai karkata gefe guda. Wajen hawa uwa tana sunkuyawa gaba, goyo yana zaune lafiya. Wajen saukowa ne aikinka yake. Mutum in ya ji tsoron gangara, zama yake yi ya ja gindi, ya jingina baya da dutse, ita kuwa a bayan nata yaron yake. Saboda haka a duk gangara mai tsauri kai ne a ƙasa, fuskarka na kallonta, taku ɗaya ɗaya. In wurin ya matse, a kwance goyon, uban ya sauka ya kafa ƙafa, a miƙa masa yaron hannu da hannu.

Kada ka bari a goye shi tun daga mota har a dawo, wannan ba yawo ba ne a wurinsa. In kun samu falalen dutse mai faɗi, nesa da baki, a sauke shi ya taka. Zai yi taku biyar ya tsuguna kan layin tururuwa, ya ɗauki tsakuwa ya nuna wa kowa, ya yar, ya ɗauki wata. Yayyensa za su ƙosa, kai kada ka ƙosa. Sannu ba ta hana zuwa. Idonka dai ya kasance kan hannunsa. Kada ya ɗaga dutse ko ya zura yatsa a tsaga, nan kunama da maciji suke fakewa. Kada ya taɓa ƙerana, irin wadda manoman nan suke shinge da ita, farin ruwanta in ya shiga ido ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Wani abu kuma da iyaye ba su sani ba: in yaro ya yi tuntuɓe, sai a fizgo shi sama da hannu ɗaya. A wannan shekarun gwiwar hannu tana gocewa da irin wannan fizga, ka ga yaro ya saki hannun yana kuka ya ƙi motsa shi. A ɗaga shi ta hammata.

Guzurinsa ayaba, dafaffen dankali, biredi. Ban da gyaɗa, ban da aya, don yaro yana tafiya yana ci sai ta sarƙe shi, ku kuma kun yi nisa da asibiti. Ruwa a riƙa ba shi kafin ya nema, iskar hunturu tana busar da jiki ba tare da an ga gumi ba. Ka sa ƙunshin gishiri da sukarin nan na kemis a jakarka.

Ku tashi wajen ƙarfe takwas, bayan rana ta ɗan ɗumama dutse, ku kasance a gindin mota kafin azahar, don lokacin barcinsa in ya zo ba ya jiran kowa. Hanyoyin da samarin ƙungiyar horar da matasa ta Man O' War suke atisaye a kansu ka bar musu kayansu, ka bi da iyalin nan ta mai sauƙi, inda za su hango ruwan Lamingo da garin Jos su ɗauki hoto. Wajen hoton ma ka tsaya kusa, don a nan ne ake tsayar da yaro a bakin dutse a ja da baya ana cewa ya yi murmushi. Da a ce damina ce, daga Afrilu zuwa Oktoba, da na ce su dakata: dutse mai gansakuka ba ya riƙe takalmi, hadarin Jos kuma yakan haɗu cikin ɗan lokaci, ga tsawa a fili.

In uban ya nace sai ya taka ƙololuwa, ka nemi abokin aikinka ya ƙarasa da shi da babban yaron, kai ka zauna da uwar da ƙananan a inuwa, a ƙara masa kuɗin mutum na biyu. Ka kira shi yau da daddare ka faɗa masa duk wannan, ka kuma tambaye shi irin takalmin da maiɗakin tasa za ta sa. In silifas ne, su biya kasuwar Terminus kafin Asabar.