Amsa: Finafinan Jackie Chan da matsalar murya a waya

Malam, ka tambaya da wane fim na Jackie Chan za ka fara, da dalilin da wanda aka tura maka a babbar kasuwar Maraɗi ke nuna hoto babu murya.

Fara da Drunken Master na 1978, sannan Police Story na 1985; a ganina nan ne faɗansa ya fi tsafta, don kyamara ba ta yawan yankewa, kana ganin kowane naushi. Rush Hour na 1998 barkwanci ya fi yawa.

Maganar murya kuwa, galibi sautin fim ɗin na tsarin da ake kira AC3 ne ko DTS, wasu wayoyi ba sa karanta shi. Sa manhajar kunna bidiyo ta VLC ka buɗe fim ɗin da ita, sautin zai fito. In a kile (USB) za ka kalla a tele, kilen da ke da tsarin ajiya na FAT32 ba ya ɗaukar fim da ya wuce giga 4, don haka ka ce a ba ka 720p, wato hoto mai matsakaicin inganci da bai cika nauyi ba.