Jirgi ya makara, akwati ya ɓata: amsoshin wasiƙunku

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan jirgin sama suka taru. Ba mamaki, hazo ya sauko, ga masu Umara suna ta kai da kawo. Na zaɓi biyar na taƙaita su, na kuma cire sunayen kamfanonin da aka kawo ƙara, tunda bakin mutum ɗaya na ji.

"Malam, na sayi tikitin Kano zuwa Abuja na ƙarfe huɗu na yamma, ina da ganawar neman aiki washegari. Aka ce shida, aka ce takwas, sai wajen sha ɗaya na dare wani ma'aikaci ya fito ya ce an soke tashi, kowa ya kama gabansa. Ko ruwan leda ba a ba mu ba. A mota na kwana. Yau sati biyar ina bin kuɗina. In haƙura ne?" Wani matashi daga Hotoro, Kano.

Ɗana, haƙuri yana da wurinsa, amma ba a nan ba. Kuɗinka ne, kuma doka tana bayanka.

Hukumar NCAA, mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya, tana da kundin ƙa'idoji, kuma kashi na 19 na kundin kacokan a kan haƙƙin fasinja yake. An sabunta shi a 2023. A tafiyar cikin gida, in jinkiri ya kai awa biyu, wajibi ne kamfani ya ba ku abin taɓawa da abin sha. In ya wuce awa uku, kana da ikon cewa ka fasa, a maido maka da kuɗinka. In abin ya kai ku tsakanin goma na dare da huɗu na asuba, masauki da motar kai ku can a wuyan kamfani suke. Ka ga ke nan a dare ɗaya sun tsallake maka haƙƙi uku. Maido da kuɗi kuwa, in ta banki ko ta kati ka biya, kwana 14 aka ba su. Kai ga shi kana cikin kwana na talatin da biyar.

Akwai kuma diyya, kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti a tafiyar gida, in an soke tashi ba tare da an sanar da kai da wuri ba. Sai dai a nan kamfani yana da mafita. In hazo ne ya rufe sararin sama har matuƙi ba ya iya hango titin sauka, ba laifinsu ba ne, ba za su biya diyya ba. Shi ya sa kalmar "yanayi" take da sauƙin fita daga bakinsu. Amma ko da hazon ne da gaske, bai shafi ainihin kuɗin tikitinka ba, wannan dole ya dawo.

Abin da ban gani a wasiƙarka ba shi ne yadda kake "bin" kuɗin. In kiran waya kake yi, ko kana zuwa ofis ana ce maka oga ba ya nan, to ba ka fara ba tukuna. Wata rana a filin jirgin Legas na ga mutum sun fi hamsin sun yi wa wata yarinya mai kanta caa, wani yana dukan tebur, wani yana rantsuwa sai ya ga manaja. Ita kuwa hawaye ya cika mata ido, ba ta da ikon tayar da jirgi, ba ta da ikon fitar da ko sisi. Sai wata dattijuwa ta matso gefe, ta miƙa mata katin shiga jirgi, ta ce, "'Yata, rubuta min a baya cewa an soke, ki sa lokaci, ki sa hannu." Ta karɓa, ta ɗauki hoton allon da ke nuna an soke tashin, ta ja jakarta ta tafi. Ni da nake cikin masu hayaniyar sai da kunya ta kama ni.

To kai ma haka. Rubuta wa kamfanin imel gajere: sunanka yadda yake a tikiti, lambar tikiti, ranar tafiya, abin da ya faru da lokutansa, adadin kuɗin da kake bi, da lambar asusunka. Kada ka zagi kowa, kada ka ba da tarihin wahalarka. In mako ya wuce shiru, kai ƙara sashen kare haƙƙin fasinja na NCAA, suna da jami'ai a manyan filayen jirgi, suna kuma karɓar ƙorafi ta intanet. Ka haɗa da kwafin imel ɗin farko.

Tambaya ɗaya: da kanka ka sayi tikitin ko ta hannun ejan? In ta ejan ne, yawanci asusun da ya biya ake mayar wa kuɗin. Mai yiwuwa kana ta jin haushin kamfani alhali kuɗin sun kwana biyu a wurin mutuminka. Fara tambayarsa.

Gaba kuma, in abu mai muhimmanci ne zai kai ka, nemi jirgin safe. Jirgi ɗaya ne yake zagaye garuruwa tun asuba, duk makarar da ya yi a hanya a kan fasinjan yamma take sauka.

"Na dawo daga Umara da akwati biyu, ɗaya ya fito, ɗaya shiru. A ciki akwai abayoyi, dabino, turare da sarƙar gwal da na saya wa 'yata ta aure. Wani ma'aikaci ya karɓi lambar wayata ya ce in je gida za a kira ni. Kwana goma ke nan." Wata Hajiya daga Zariya.

Hajiya, Allah ya karɓi ibada, ya kuma bayyana kayan. Karɓar lambar waya ba shigar da ƙara ba ne. Akwai fom na musamman da ake cikewa a teburin kaya kafin a bar filin jirgi, ma'aikata suna kiransa PIR, a ba ki kwafi mai lamba. Da wannan lambar ake neman akwati a duk filayen da jirgin ya bi. In ba a cike miki ba, gobe ki koma ko ki aika ɗanki, da fasfo da katin shiga jirgi da 'yar takardar nan mai lamba da aka manna miki lokacin awon kaya. Ina fata ba ki yar da ita ba, don ita ce shaidar cewa kin ba su akwati biyu.

Akwatin da bai fito ba a tafiyar da aka ya da zango, yawanci a filin canjin jirgi yake maƙalewa, kuma akasari yana fitowa. In ya cika kwana 21 bai zo ba, yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya take ciki, ta ba ki damar ɗaukarsa a matsayin ɓatacce ki nemi diyya. Kafin nan ma, ƙa'idar NCAA ta tanadi kuɗin biyan buƙatar gaggawa ga wanda kayansa suka makara, dala 170 a tafiyar ƙetare, naira 10,000 a ta gida. Ba sa bayarwa sai an tambaya. In kuma akwatin ya zo a fashe ko an taɓa shi, kwana bakwai kawai gare ki ki rubuta ƙorafi.

Sai zancen da ba zai yi miki daɗi ba. Diyyar kaya tana da iyaka, a yanzu wajen dala 2,000 ga fasinja ɗaya, komai yawan abin da ya ɓata, kuma sai kin nuna shaidar darajarsa. Nemo rasidin mai gwal tun yanzu. Kamfanoni da yawa sun rubuta a sharuɗɗansu cewa kada a sa gwal da kuɗi da magani a kayan awo, kuma da wannan za su fara kare kansu. Ki nema duk da haka. Amma gwal, Hajiya, a wuya ake dawowa da shi ko a jakar hannu.

"Shekara tara ina zuwa Guangzhou sarin kaya, sau huɗu a shekara, da kamfani ɗaya. Tafiyar da ta wuce suka caje ni kuɗin kilo uku da suka ɗara, suka kuma ci ni tara don na ɗaga ranar dawowa. Raina ya ɓaci. Abokina ya ce in koma wani. Amma ina jin nauyi, mun saba." Wani Alhaji daga Kantin Kwari.

Alhaji, nauyin wa kake ji? A Kwari, wanda ya shekara tara yana saye a shagonka, ka san sunan 'ya'yansa, kana ba shi bashi ba rubutu, in ya yi rashi ka rufe shago ka je gaisuwa. Wannan sabon kake auna kamfanin jirgi da shi, shi kuwa bai san ka ba. Abin da ya sani lamba ce. Shin kana da katin tara maki nasu, kuma ana shigar da lambarsa a kowane tikiti? Na sha ganin 'yan kasuwa sun yi tafiya talatin, ejan bai taɓa shigar musu da lamba ko sau ɗaya ba. A wurin kwamfutar kamfani, irin wannan mutum da wanda ya fara hawa jirgi yau duk ɗaya ne.

Tafiya huɗu a shekara zuwa Sin ba ƙaramar tafiya ba ce. Da ana lissafa maka ita, da wuya a ce ba ka hau wani mataki ba, kuma matakin nan ne yake kawo ƙarin kilo, da layi na daban wurin awo, da ɗakin hutu a filin ya da zango. Ga ɗan kasuwa ƙarin kilon ya fi komai, don kuɗi ne tsaba.

Kafin ka zaɓa, san rukunin ƙawancen da kowane kamfani yake ciki, don makin ɗaya yana aiki a wurin 'yan rukuninsa. Ethiopian Airlines mai katin ShebaMiles, da EgyptAir da Turkish Airlines, duk 'yan Star Alliance ne. Qatar Airways tana oneworld tare da British Airways da Royal Air Maroc. Saudia mai katin Alfursan tana SkyTeam tare da Air France da KLM da Kenya Airways. Emirates ba ta cikin kowanne daga ukun. Wanda yake zuwa Sin ta Adis Ababa, wani lokaci kuma ya bi ta Alƙahira, kati ɗaya ya ishe shi. Ka lura kuma, tikiti mafi araha wani lokaci maki kaɗan yake bayarwa, kuma shi ne mai tsadar canjin rana. Ina kyautata zaton irinsa aka sayar maka, shi ya sa tarar. Mai sari ba ya sanin ranar da kaya za su kammala, don haka ƙarin kuɗi kaɗan a kan tikitin da ake iya ɗagawa ya fi maka.

Kada kuma ka mayar da maki asusun ajiya. Suna da wa'adi, kamfani yana iya rage darajarsu, yana ma iya daina zuwa. Emirates ta dakatar da zuwa Najeriya a 2022 saboda kuɗaɗenta da suka maƙale, ba ta dawo Legas ba sai Oktoban 2024. A gida ma, ina Nigeria Airways, ina Kabo, ina Chanchangi? In makin sun isa tikiti, ci abinka.

Shawarata: kilo uku ba su isa dalilin rabuwa ba, ko'ina ka je sikeli ɗaya ne. Amma tafiya mai zuwa gwada na abokin naka sau ɗaya, ka auna tsawon jira a hanya, da kilon da suke bayarwa, da yadda suke amsa waya in matsala ta taso.

"Zan koma karatu Ingila. In na sayi Kano zuwa Legas daban, Legas zuwa Landan daban, zan rage kuɗi sosai. Tsakaninsu awa uku." Wata ɗaliba daga Katsina.

'Yata, awa uku a Legas ba komai ba ne. Sai kin jira akwati, kin fita daga ɓangaren jiragen gida, kin shiga mota zuwa na ƙetare, kin sake layi. In na farko ya makara, na biyu babu ruwansa, tunda tikiti biyu ciniki biyu ne. Za a rubuta ba ki zo ba, kuma sau da yawa har tikitin dawowarki sai ya mutu tare da na zuwa. Araha ba ta ado. Ko dai ki haɗa tafiyar a tikiti ɗaya daga Kano, ko ki sauka Legas tun jajibiri ki kwana wurin 'yan uwa.

Ki riƙe wannan kuma don gaba: duk jirgin da ya taso daga Ingila, ko na wane kamfani ne, dokar can tana aiki a kansa. A doguwar tafiya irin ta Najeriya, in ya isar da ke a makare da awa huɗu ko fiye kuma laifin nasa ne, diyyar fam 520 ce. Daga Legas zuwa can kuwa, sai in kamfanin na Ingila ne ko na Tarayyar Turai.

"In na fallasa su a Facebook, ba za su fi saurin biya na ba?" Wani malamin makaranta daga Gombe.

Wani lokaci yana aiki, Malam, ba zan ɓoye maka ba, don manyan kamfanoni suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan, bin abin da ake faɗa a kansu. Amma sai bayan ka rubuta musu sun yi shiru. Faɗi abin da ya faru da ranarsa kawai, kada ka kira kowa ɓarawo, kada ka sa hoton ma'aikaciya. Kuma rufe lambar tikiti da lambar ajiyar kujera kafin ka ɗora hoton katinka, don da wannan lambar da sunan mahaifinka wani zai iya shiga ya canza maka tafiya. Ka yi hattara da masu biyo ka ta akwatin saƙo da tambarin kamfani suna neman lambar katin banki wai za su maido maka da kuɗi, 'yan damfara ne.