Likita, melatonin ɗin nan da ake ta sha yana sa barci kuwa?

Tambaya: Likita barka da aiki. Wata huɗu kenan barci ya ƙaurace min, da na kwanta sai tunani ya taso, ƙawata ce ta ba ni melatonin mai miligiram 10 kullum nake sha amma ban ga canji ba, ko in ƙara ne?

Amsa: A'a 'yar'uwa, don Allah kar ki ƙara. Shi melatonin fa ba maganin barci ba ne irin wanda za ki haɗiya ya kwantar da ke, sinadari ne da jikinki yake yi da kansa, wani ɗan ƙullutu a tsakiyar ƙwaƙwalwa da bai wuce girman ƙwayar shinkafa ba shi yake sakinsa in duhu ya yi, ya gaya wa jiki dare ya yi, haske kuma yana danne shi. Babban aikinsa saita agogon jiki ne. A 2013 an tattara bincike 19 da aka yi a kan mutum sama da 1,600, abin da aka samu shi ne masu shansa suna riga waɗanda ba sa sha yin barci da kamar minti 7, barcin kuma ya ƙaru da minti 8. Kin ga ke da tunani yake hana ki rintsawa, wannan ba zai kai ki ko'ina ba, in kin ƙara ma sai ciwon kai da jiri da kasala da safe. Rashin barci na wata huɗu yana buƙatar ki zauna da likita a duba damuwa ko wani ciwo a ƙarƙashinsa, akwai horo na gyara tunani da ɗabi'ar kwanciya da shi ake fara magance irin naki, kuma gaskiya ya fi ƙwaya aiki nesa ba kusa ba.

Tambaya: Ni likita sai ƙarfe 3 na dare barci yake ɗaukata, amma in na yi shi lafiya lau nake yi har 11 na safe, ga aiki ina makara.

Amsa: To malam, kai ne irin wanda zai iya amfana, don barcinka lafiyarsa ƙalau, agogon ne ya ja baya. Kuma lokacin sha ya fi yawan abin muhimmanci, rabin miligiram zuwa 1 ya isa, a sha da farkon dare awanni kafin ka kwanta, ba sai ka gaji da juyi a kan gado ƙarfe 2 ba. Amma fa in ka sha sannan ka kashe fitila ka manna waya a fuska kana ta shafa allo har idonka ya yi ja, ka rusa abin da ka gina. Da safe ka fita rana ta taɓa ka, ka riƙe lokacin tashi ɗaya har ranar hutu. Haka ma yake taimakon matafiya da suka yi doguwar tafiya a jirgi lokaci ya rikice musu, musamman in gabas suka nufa.

Tambaya: Yarona ɗan shekara 4 ba ya barci da wuri, na ga akwai mai kama da alawa na yara, in ba shi?

Amsa: Maman yaro wannan ya fi damuna wallahi. Kar ki ba shi sai likitan yara ya gan shi. A Amurka ba a ɗaukarsa a matsayin magani, ba a tantance shi kafin ya shiga kasuwa, a 2023 an auna irin na alawar nan guda 25, aka tarar 22 abin da ke ciki bai yi daidai da rubutun jikin kwalba ba, wani ya ninka sama da sau uku. A Ingila ma sai da takardar likita ake samunsa. Kuma yaro in ya ga kwalba cike da alawa mai kala-kala ai shanyewa zai yi, in akwai shi a gida ki kulle. Ki fara da ɗauke masa waya da talabijin awa ɗaya kafin kwanciya, ki rage barcin la'asar.

Tambaya: Babana yana shan warfarin na tsinka jini, zai iya haɗawa?

Amsa: Kar Baba ya sha sai likitansa ya sani, haɗin yana iya ƙara haɗarin zubar jini. Haka ma masu shan maganin suga ko hawan jini ko farfaɗiya su tambaya tukuna, mai juna biyu da mai shayarwa kuma su bar shi.