Digiri na biyu a fannin manufofin gwamnati: dole sai da lissafi?

Ɗan'uwa, ka ce ka karanta kimiyyar siyasa, kana son yin digiri na biyu a fannin tsara manufofin gwamnati, amma lissafi na ba ka tsoro. Gaskiya, ba ka da hanyar kauce masa.

Da yawa suna shiga da zaton muhawara za a yi ta yi kan mulki, sai zangon farko ya tarbe su da ilimin tattalin arziki da ƙididdiga. Za a iya ba ka bayanan ɗalibai, a ce wasu sun samu tallafi, ka nuna ko tallafin ne ya ƙara musu zuwa makaranta, ko kuwa dama can iyayensu masu hali ne. Gwaje-gwajen da ke warware irin wannan tambaya su suka samo wa masana tattalin arziki Duflo da Banerjee da Kremer kyautar Nobel a 2019. Ba lissafin injiniya ba ne, amma sai ka saba da manhaja irin Stata ko R.

Ni kam rubutu ya fi ba ni wuya. Takardar shawara mai shafi biyu kacal, malami ya dawo mini da tawa ya ja layi, ya ce minista ba shi da lokacin neman shawarata a shafin ƙarshe.

Duba tsawon karatun ma. A makarantar Kennedy ta jami'ar Harvard shekara biyu ne, a makarantar Blavatnik ta jami'ar Oxford shekara ɗaya, ka ga babu lokacin rarrafe. Ka yi kwas ɗin ƙididdiga kafin ka nema.