Tambaya da Amsa: Ta Ina Ake Samun Tallafin Koyon Dashen Itatuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gonar gado kadada biyu a hanyar Bukuru, tsohon ramin kuza ya cinye gefenta. Na ji ana ba masu ƙananan filaye tallafin koyon dashen itatuwa da kula da su. Ta ina zan fara? Kuma itacen turare ya dace in dasa? (Wani manomi, Jos)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da wuya a damƙa wa mutum ɗaya irin wannan kuɗi, ƙungiya ake ba. Ku haɗu da maƙwabtan gonarka ku yi rajistar ƙungiya a jiha ko a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ku buɗe asusun banki da sunanta, mai masu sa hannu aƙalla biyu. Kowa ya tanadi shaidar mallakar filinsa. Gonar gadon da ba a raba ba tana yawan kawo cikas, domin babu mai zuba kuɗi a itacen da 'yan'uwa za su yi shari'a a kansa.

Ƙofofi biyu suka fi kusa da ku. Akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na dala miliyan 700, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma gyaran ƙasar da ta lalace na cikin aikinsa. Akwai kuma ƙananan tallafin GEF, asusun kula da muhalli na duniya, da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UNDP) ke gudanarwa, wanda ƙungiyoyin al'umma ke nema a rubuce. Shirin Babbar Koriyar Ganuwa, na dashen itatuwa don tare hamada, ba ƙofarku ba ce, domin Filato ba ta cikin jihohinsa 11. Masu horarwa kuwa suna ƙofar gida, a Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Jos. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom ta asusunsa, ɗan damfara ne.

Inda ƙungiyoyi suka fi tuntuɓe shi ne kasafi. Sai a ƙarar da kuɗin a zauren taro da abinci da riguna, ranar dashe a ɗauki hoto, kafin Maris awaki da gara da gobarar daji sun gama da komai. A takardar neman tallafin, ku rubuta horon a yi shi a gona: renon tsiro a leda, haƙa rami, sassabe, share layin tare gobara kafin hunturu. Tazarar mita 3 ta kowane gefe tana cin tsiro 1,111 a kadada ɗaya, sai ku ƙara kamar kashi 20 cikin 100 don maye gurbin waɗanda suka mutu. A dasa a Yuni ko Yuli, ƙasa ta jiƙu sosai; dashen Satumba bai kafa saiwa ba rani zai riske shi. A ware kuɗin shinge da ban ruwa na ranin farko, a kuma yi alƙawarin ƙirga waɗanda suka rayu bayan shekara. Wannan ƙidaya ce masu ba da tallafi ke dubawa kafin su sake bayarwa.

Turare kuma, sa shi a gefen ramin kuzar, yana jure ƙasa maras ƙarfi kuma yana ba da sanduna. Amma shan ruwa gare shi, kada ya kusanci masara ko rijiya. A tsakiyar gona ɗorawa ta fi, sai dai ka jiƙa irinta a ruwan zafi ya kwana, ɓawonsa tauri ne da shi.