Jefa ɗan ludo a kan kalkuleta TI-84 Plus

Tambayarka ita ce ko TI-84 Plus za ta iya jefa muku ɗan ludo a wasan Dungeons & Dragons ba tare da ka koyi wani yaren kwamfuta mai wuya ba. E, TI-BASIC, yaren rubuta umarni da ke cikinta, ya isa. randInt(1,20) zai ba ka mai fuska 20, sum(randInt(1,6,3)) kuma zai jefa masu fuska 6 guda uku ya haɗa jimillarsu.

Sai dai ka kula da abu ɗaya. Duk lokacin da aka goge RAM, wato ma'ajiyarta ta wucin gadi, kalkuletar tana komawa jerin lambobinta na farko, sakamakon jifa ya riƙa maimaita kansa, har abokan wasa su fara zargin maguɗi. Ni ina sa startTmr→rand a layin farko na umarnin da na rubuta, ta haka agogonta ne ke sauya mafarin jerin. TI-83 Plus kuwa ba ta da agogo, sai ka sa mai wasa ya shigar da wata lamba da hannu a madadin startTmr.